Wa ya isa ya yi zaɓe a madadin wani?

In aka ce ƙuri'ar maigida ta wadatar da duk wanda ke ƙarƙashin rufinsa, an hutar da mace ne ko an cuce ta? Da wannan hujja aka daɗe ana hana mata zaɓe. A Faransa maza sun samu 'yancin zaɓe na bai ɗaya tun 1848, mata kuwa sai 1944. A Ingila sai da aka ɗaure mata, suka yi yajin cin abinci a gidan kaso, kafin a ba masu shekara 30 dama a 1918, sannan a daidaita su da maza a 1928.

Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba. Miji na iya wakiltar matarsa a cinikin rago, don ta faɗa masa kuɗin da take so. Amma ina zai san nauyin tulu daga rijiya, ko tsawon layi a gidan likita da yaro a goye? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk wanda doka za ta hau kansa, ya kamata a ji ta bakinsa kafin a kafa ta.

Mu a Nijar, dokar 1956 da ake kira loi-cadre ce ta buɗe akwati ga kowa, mace da namiji. Sai dai takarda ba ta ba su kujera ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka fito zanga-zanga a Yamai, don mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya taron ƙasa. Aka ƙara musu wakilai, ranar kuma ta zama ta matan Nijar.

Wani zai ce: "To, ai da yawa abin da miji ya ce suke zaɓa, ko su sayar da ƙuri'a kan sabulu da turmin atamfa." Haka ne. Amma maza nawa ke sayar da tasu kan jika biyu? Ban taɓa jin an ce a ƙwace musu kati ba.

Abin da nake gani shi ne, a bayan labulen zaɓe mace na ita kaɗai, daga ita sai Allah. Kai ɗan'uwa, ran da za ka raka mahaifiyarka ko ƙanwarka rumfar zaɓe, raka ta har ƙofa, ka tsaya nan.