Haƙƙin Wanda Ya Shaƙi Hayaƙi

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan magana. Shekararsa huɗu a Falarmo, babban birnin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, yana dako a wata tsohuwar kasuwa da ake kira Balaro. Ran nan da dare ya bugo waya, bayan ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya sai ya ce, "Kawu, ka san a nan kuɗi ake biya a zagaya da mutum kasuwa ya yi ta ɗanɗane?"

Na ce ɗanɗanen me?

Ya ce baƙi ne daga Amurka da Jamus da Ingila, su goma ko sha biyu, da ɗan jagora a gaba. Daga wannan rumfa zuwa waccan, awa uku. Nan a ba su soyayyen garin kabkabe, wani nau'in wake, da suke kira fanelle, ɗan'uwan ƙosai. Can a ba su dunƙulen shinkafa soyayye. Gaba kaɗan hanjin ɗan rago a kan garwashi, sannan burodi da saifa, wanda shi ba ya taɓawa don da man alade ake soya shi. "Kayan ciki ne fa, Kawu. Abincin talakawansu ne na da. Amma sai ka ga mai kuɗi ya gatsa, ya lumshe ido, yana santi a gaban jama'a, ana ɗaukarsa hoto."

Na yi dariya har da tari. Da na ajiye wayar kuma sai dariyar ta ƙi zama, domin ni ɗan mai agashe ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara talatin yana gasa nama a bakin kasuwarmu ta Mai Wurno, a ƙasar Sudan. Bayan la'asar yake hura wuta. Yana fere naman fale-fale, har kana hango hasken rana ta cikinsa, ya tsire shi a tsinke, ya birkiɗa a garin ƙuli mai citta da barkono da masoro, sannan ya kakkafa tsinkayen a tudun toka su kewaye wutar. Ba ya ɗora nama a kan harshen wuta. Gumi yake so naman ya yi. Aikina yanka albasa da lemon tsami da naɗe takarda. Yau ko'ina ka shiga, Madani ko Umdurman ko Fot Sudan, agashe sunansa agashe, kuma da yawa cikin masu cinsa ba su san kalmar Hausa suke furtawa ba: abin da yake a gashe.

Abin mamaki, mutumin nan da cin kasuwa ke ciyar da gidansa bai taɓa kai loma bakinsa a kasuwa ba. Ko shayi sai ya juya bayan rumfa. Ranar da ya kama ni ina tauna wani guntu da ya faɗo daga tsinke, ban fi shekara tara ba, bai dake ni ba. Ya nuna mini da haɓa wasu almajirai biyu da ke tsaye nesa kaɗan, inda iska ke kai hayaƙin. Ya ce, "Kai ka ci, su kuma su ci me?" Ya zare tsinke ɗaya, ya ce in kai musu, kuma daga ladan ranar za a cire.

Da na girma na zauna gaban malamai, na tarar da mas'alar a littattafan fiƙihu, a babin shaida. Suna lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke zubar da muru'a, wato kamala irin ta dattako, har alƙali ya iya ƙin karɓar shaidar mai yinsa, in ba ɗan kasuwar ba ne. Na yi murna, na ɗauka na gano tushen halin Baba. Sai malaminmu ya kwance mini. Ya ce maganar nan da ake yawo da ita a matsayin hadisi, mai cewa cin kasuwa ƙasƙanci ne, masana hadisi ba su inganta ta ba. Ya ce muru'a tana bin al'adar gari da zamani. Ya tuna mini cewa a Suratul Furƙan kafirai ne suka yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gorin cin abinci da tafiya a kasuwanni, kuma Allah ya amsa musu da cewa manzannin da suka gabata duk haka suke. Akwai kuma ruwayar Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi sukan ci suna tafe. To ina haramcin?

Har zaɓen abinci mai kyau a kasuwa yana da asali. Samarin kogo na Suratul Kahfi, da suka farka, ɗayansu suka aika birni da azurfarsu, suka ce ya duba wane abinci ya fi tsarki, kuma ya bi a hankali. Ni dai nakan ce wannan ne ɗan jagoran kasuwa na farko da na sani. Sai dai yunwa ce ta aike shi.

A nan ne ƙafata take tsayawa. Baƙin Balaro ba yunwa ta kawo su ba. Sun karya a otal. Sun zo ne su ji yadda abincin mai yunwa yake a harshe, sannan su koma. Shin halal ne mutum ya mayar da abincin wani abin kallo? Na juya tambayar nan kwana da kwanaki, kuma gaskiya ban iya samo laifin a inda na fara nema ba. Mai fanelle ya sayar, ɗan jagora ya ci guminsa, ɗan ƙanwata ma kayan da yake ɗauka sun ƙaru. Baƙon kuwa ya zauna kusa da mutanen da ba zai taɓa gaisawa da su ba in ba don cikinsa ba. Falarmo ɗin ma ta san baƙi: Musulmi sun riƙe ta daga 831 zuwa 1072. Mu ma ɗanɗano ba baƙonmu ba ne. Wace mai fura ce za ta hana ki taɓa ludayi kafin ki saya? Wane mai nama ne ba ya miƙa ɗan yanki a bakin wuƙa, sannan ya yi gyara bayan ciniki?

Kuma in akwai mutanen da bai kamata su raina cin abincin wasu ba, mu Hausawan Sudan ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka gefen garin Shehu Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, inda garinmu na Mai Wurno yake. Tsakanin can da nan akwai Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan. Guzurin wa zai kai? Tuwon mutane suka ci, ƙauye bayan ƙauye. Waɗanda suka biyo baya da niyyar hajji, suka tsaya noman auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, su ma haka. Muka koyi kisra da mulah, muka ba mutanen ƙasar agashe da godo-godo. Kakata har ta rasu tana cewa kisra takarda ce, ba abinci ba, amma ba ta taɓa faɗa a gaban wadda ta toya ba. Ta san cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Bambancin dai shi ne, mu ba mu biya ba, kuma ba a tsara mana awa uku ba. Wanda ya taɓa bin hanyar Khartum zuwa Madani dab da magariba a watan azumi ya san abin da nake nufi. Dattawa ne za su tare titi, wasu da rawunansu a miƙe, su tsayar da mota dole, a sauko da kowa kan tabarma, ga hilu-mur ga asida ga balila. Ba mai tambayar sunanka. Wannan ma zagayen ɗanɗano ne, amma mai abincin ne yake farautar baƙo, ladan kuma ba a nan ake biyansa ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma Madani ta faɗi a Disambar shekarar, mun ga wani layi dabam: mata da yara riƙe da robobi a ƙofar takiyya, inda matasan unguwa ke dafa adas a manyan tukwane. Na ga mutumin da a da yake yanka rago don baƙi yana tsaye a layin, ya ja hirami ya rufe rabin fuskarsa. A watannin nan ne na gane abin da Baba yake karewa da ya juya bayan rumfa da kofin shayinsa. Malaman fiƙihu sun damu da girman mai ci. Shi idon mai kallo ya dame shi.

Don haka da yaron ya sake bugowa, na tambaye shi abu ɗaya. Na ce, lokacin da baƙin nan ke lumshe ido, su wa ke tsaye a gefe? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mu ne, Kawu. Mu da 'yan Gambiya da 'yan Bangaladash." Na ce an taɓa miƙo muku? Ya ce wata tsohuwa ta taɓa, sau ɗaya, rabin dunƙulen shinkafa a takarda.

Hukuncina, ni da ba mufti ba: kuɗin ɗan jagora halal ne, ɗanɗanon halal ne, santin ma na yafe musu, tunda a garinsu ba abin kunya ba ne. Idan Allah ya kawo zaman lafiya wani ya ce zai riƙa kawo baƙi kasuwarmu su ci agashe su sha godo-godo, ni zan fara nuna masa rumfar da ta fi iya ƙuli. Amma zan ce masa cikin kowane tsinke goma da baƙinsa za su ci, ɗaya na wanda hayaƙin ya kai wa ne, kuma a sa shi cikin farashi tun daga farko, kamar yadda aka cire nawa daga ladan ranar.