Gayyar Da Ba Ta Da Mai Gona

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gayya. Manomi ya ga gonarsa ta fi ƙarfinsa, sai ya sa a dama fura, a tuƙa tuwo, ya gayyato samarin gari da makaɗinsu, kafin azahar an nome ta tas. To amma kada mu yaudari kanmu, wannan ba kyauta ba ce zalla, bashi ne. Yau a gonarka, gobe a tawa, wanda kuwa ya noƙe, ranar tasa gayyar zai sha kunya. Tambayar da ta dame mu ita ce, ina hujjar fita gayyar da ba ta da mai gona, wadda ba mai dama mana fura, ba kuma ranar da za a rama mana?

Ganuwar Kano ce ta jawo wannan tambaya. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara a ƙarni na 17. Da yake ginin ƙasa ce, ruwa na cin ta kowace damina, don haka ba ta kai shekarar 1903 a tsaye ba sai don ana ta yaɓe da ɗori. Yau kuwa wanda ya bi ta Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya ya ga abin da ya saura, wani wuri tudu, wani wuri juji, wani wurin ma shaguna. A 2007 an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kayan tarihin duniya na UNESCO, amma takarda ba ta tare ruwan sama.

Mu mutanen Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna da uzuri a hannu in muna so. Sunan unguwarmu ma ya tona mana asiri, ƙauye ne birni ya haɗiye. Wani zai ce, me ya haɗa ɗan waje da katangar da aka gina don a rufe masa ƙofa da magariba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabinta aka faɗa. An bar filayen noma a cikin badala ne don in yaƙi ya taso mutanen karkara su shigo da iyalinsu da dabbobinsu, a sami abin ci. Ashe kuwa ɗan ƙauye yana da rabo a cikinta tun asali.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, mu ma ya daɗe yana yi mana kai-kawo a rai. Cewa ake yi, ai mutanen da ba don ra'ayin kansu suka yi aikin ba, umarnin sarki ne, akwai kuma bayi a cikin masu ɗaukar ƙasar. Haka ne. Mu da muka yi wayo a 1984 mun ga irinsa, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa yasar kwata ana waiwayen soja. An ga tsafta kam, amma da bulala ta ja baya, shebur ma ya ja baya. Ganuwa kuma tun da Turawa suka ci Kano a 1903 ta daina kare kowa daga mahara, sai tsoron da ke sa a gyara ta ya tafi.

A garin Jenne na ƙasar Mali akwai babban masallacin ƙasa wanda aka sake ginawa a 1907. Duk shekara mutanen gari na fita kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi, mata na jido ruwa, samari na hawa da kwanduna, ba mai biyan kowa. Muna sha'awarsu, amma mu yi wa kanmu adalci, su fa abin da suke salla a ciki suke gyarawa. Mu kuwa ana neman mu yi gumi a kan abin da amfaninsa na fili ya ƙare.

Ga inda tunaninmu ya tsaya. Mun ɗauka gayyar ba ta da mai gona ne don mun juya lissafin. Mu ne masu gonar, an riga an yi mana aikin tun ba a haife mu ba. Birnin da ya zauna lafiya har Kasuwar Kurmi ta cika, har marinar Ƙofar Mata ta yi suna, har ya tumbatso ya iske ƙauyukanmu da makaranta da asibiti, a bayan wannan katanga ya girma. Kasancewar wasu an tilasta musu aikin bai rage bashin ba, ƙara shi ma ya yi, domin su ko furar ba su sha ba. Waɗanda suka ba mu bashin sun kwanta dama, ba a iya kai musu, sai dai a miƙa wa na baya.

Duk da haka ba mu yarda a fara da tsine wa talakan da ke haƙar ƙasar badala da dare don ya ta da ɗakinsa da ya faɗi ba. Laifi ya yi, amma kwandonsa nawa ne? A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a gurbinta, kuma ba da kwando aka yi wannan ba. Haka kududdufan da aka ciro ƙasar gini daga cikinsu, waɗanda ke shanye ruwan damina, masu hali ne ke cike su suna yanka filoti, ruwan kuma ya nemi hanya ta cikin ɗakunan marasa hali. Ɗan gayyar da ya iya yi wa mai kwando tsawa ya kasa buɗe baki gaban mai katafila, da sauransa.

Mu marubuta namu aikin bai ma buƙatar kwaɓa ƙasa. Akwai tsofaffi a unguwanninmu da suka san inda gonaki suka tsaya, da inda rijiya take, da kukar da aka sare. Kowace jana'iza tana tafiya da shafi guda, mu kuwa muna can muna rubuta labarin soyayya na goma sha biyu.

Kwanan baya muka kawo wannan magana a aji, muka ce in damina ta ɗauke za mu nemi izini mu je kwashe shara a gindin badala. Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in mun kwashe yau, gobe wani ya zo ya zuba fa?" Muka yi shiru, domin mun san za a zuba ɗin. Can muka ce masa ya dai rubuta sunansa, ya kuma tambayo babansa ko zai ara mana baro.