Raba Ƙafa

Shekarar da ciwon mahaifinmu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, goggona ta kira ni ɗakinta bayan sallar asuba, carbi na hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, asibiti sun yi nasu, malamai sun yi nasu. An ba ni labarin wani mutum a bayan duwatsu, ta hanyar Dass. Baƙin bunsuru kawai yake karɓa." Na ce, "Haba Goggo, ke da ko nafila ba ta wuce ki?" Ta dube ni da idon da ya kwana bai runtsa ba, ta ce, "Ai ba barin Allah za mu yi ba. Haɗawa za mu yi."

Wannan haɗawar ita nake kira raba ƙafa, kuma ina ganin ta fi tsafin tsurarsa illa. Bamagujen da ya gaji tsafin kakanninsa ya san inda ya tsaya, kowa ma ya sani, kuma sau da yawa za ka same shi da riƙon amanar da za ta ba ka kunya. Mai raba ƙafa kuwa yana sahun gaba a masallaci, ko kujerar gaba a coci, amma akwai ƙaho binne a bakin shagonsa. Ya yarda Allah na nan. Abin da yake shakka shi ne ko Allah zai isar masa.

Mu a Bauchi duk inda ka juya dutse kake gani, shi ya sa labarin Bani Isra'ila ba ya yi mini kama da labarin nesa. Littattafan tarihinsu cike suke da kuka a kan wuraren yanka da aka gina bisa tuddai da ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ake kafa dogon dutse da ginshiƙin itace ana ƙona turare. Abin lura, yawancin masu hawa tuddan nan ba su ce sun bar Ubangijin da ya fisshe su daga Masar ba. Manoma ne masu jiran ruwan sama, maƙwabtansu Kan'aniyawa kuma sun ce Ba'al ne mai hadari da damina. Sai suka ga ba laifi a ba kowa rabonsa. Da Annabi Ilyasu ya tara su a Dutsen Karmel zamanin Sarki Ahab, abin da ya tuhume su da shi ke nan, ɗingishi tsakanin iyayengiji biyu, kuma Alƙur'ani ya ambaci wannan faɗa nasa da masu kiran Ba'al a cikin Suratus Saffat. Sarki Hezekiya ya rushe wuraren, ɗansa Manassa ya sake gina su, Yosiya ya sake rushewa wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Annabi Isa. Dutse da itace ba su da wuyar kawarwa, sai dai tsoron da ya kafa su yana nan yana jiran fari na gaba.

Kano ta yi irin wannan kai da kawo. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a Dutsen Dala, da tsafin Tsumburbura da ke cikin wata itaciya da aka kewaye da katanga, inda ake kai baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, a kwana ana zagaye har gari ya waye. Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, aka tsai da salla. Amma ɗansa Kananeji, da yaƙi da Zazzau ya ƙi masa, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri mai kula da tsafi, ya koma ga abin da iyayensa suka rushe. Babu wanda ya zo ya kayar da shi a muhawara. Kashi ya sha a fagen fama, imaninsa ya girgiza.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Dirki. Wani ƙunshi ne da aka yi ta naɗewa da fatu, sarakunan Kano suna yi masa yankan shanu in masifa ta taso. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya gaji da yankan, ya sa aka sare shi da gatari. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Shekara da shekaru ana zubar wa Littafin jini, ba wanda ya buɗe ya karanta. Bani Isra'ila ma sun yi haka da macijin tagulla da littattafansu suka ce Annabi Musa ne ya ƙera: suka riƙa ƙona masa turare har sai da Hezekiya ya farfasa shi. Ashe ba sai da baƙon gunki ake shirka ba. Alwali ya rasa Kano a 1807, shekara biyu kafin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin nan namu a 1809, kuma cakuɗa addini da tsafi na cikin manyan abubuwan da Shehu ya yi wa'azi a kai. Yau ganuwar Yakubu ta zube a wurare da dama, amma je ka ga motocin da ke tsayawa a ƙofar masu buga ƙasa idan zaɓe ya matso.

Mutane kan yi mamakin yadda annabawan Bani Isra'ila, irin su Amos da Yusha'u, suke ambaton tsafi da zina da cin zalin talaka a numfashi ɗaya. Ni ban ga abin mamaki ba. Allah yana tambayar hali: mudunka cikakke ne, ka biya lebura haƙƙinsa, ina dukiyar maraya? Abin kan dutse ba ruwansa da wannan, farashi kawai yake faɗa. Wanda ya saba biyan bunsuru ya sami abin da yake so ya koyi cewa komai na sayarwa ne, har da abin da ba nasa ba. Duba abubuwan da ake zuwa nema: a mallake miji, a raba shi da uwarsa, a yi wa kishiya kurciya ta bar gari, a karya kasuwar maƙwabci a Wunti ko Muda Lawal. Da wuya ka ji wanda ya je a ƙara masa haƙuri. Farashin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga zakara sai bunsuru, daga bunsuru sai a ce wa mai neman haihuwa maganin ba ya ci sai ta kwana a wurin, kuma ba ta da bakin faɗa wa kowa, domin zuwan ma a ɓoye ta yi. Ƙarshen hanyar shi ne labaran da kan sa a kashe rediyo a gaban yara, na almajirin da aka yaudara zuwa bayan gari aka cire masa ido.

Kada a ce na haɗa da mai saiwa da sassaƙe. Wanda ya ba ka sabara ko tazargade ya ce ka jiƙa ka sha, Allah ya sa a dace, magani ya ba ka. Wanda ya ce ka zo da dare, kada ka yi bisimilla, kada kowa ya sani, wani abu daban yake nema a wurinka.

Kuma ba na iya yi wa masu zuwa kallon raini, domin na ga fuskar Goggo a safiyar nan. Ƙaninta ne ke kwance, ita ta goye shi yana jariri. Ba mu je ba. Na roƙe ta, ta yi shiru, ta ci gaba da jan carbinta. Mahaifinmu ya rasu bayan babbar salla da kwana tara.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, ina naɗe tabarmi a tsakar gida, ta kira ni a hankali ta ce, "Ɗan nan, da mun je fa?" Na ce, "Goggo, da mun je, da kwanansa bai ƙaru ba." Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinsa. Can ta ce in miƙo mata buta, la'asar ta yi.