Shin Aikin Hannu A Cikin Gida Ɓata Lokaci Ne?

Akwai wata tambaya da ta kan tashi tsakanin magidanta a birane, musamman waɗanda su ke cin albashi. Su kan ce, tun da ya ke kasuwa cike ta ke da kaya masu araha, me zai sa mutum, ko matarsa, ko ɗansa, ya zauna makonni yana ɗinkin hula guda, alhali kuwa da kuɗi kaɗan zai sami wadda inji ya ɗinka? Ashe wannan ba ɓata lokaci ba ne? Tambayar tana da nauyi fiye da yadda a ke zato, gama ta shafi yadda mutum ya ke kashe 'yan sa'o'in da ya mallaka bayan ya tashi daga aiki, ta kuma shafi abin da 'ya'yansa za su tashi da shi. Unguwar Sarki ta Kaduna wuri ne da ya dace a auna wannan magana a cikinsa.

Kaduna gari ne da aka kafa domin aikin gwamnati. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, aka kuwa taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Daga nan mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Barno da sauran wurare, wasu malaman ofis, wasu masinjoji, wasu soja, wasu ma'aikatan jirgin ƙasa. Unguwanni suka tashi a arewacin kogi, kamar su Unguwar Sarki da Unguwar Rimi da Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa. To, a garuruwan da mutanen nan suka baro, sana'a da gida wuri ɗaya su ke. A Kano har unguwanni sun ci sunan sana'a, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. Uba yana zaure yana ɗinki, ɗansa na gefe yana zura masa zare a allura. Uwa tana tsakar gida tana kaɗi da mazari, 'yarta na kusa tana shiɓa auduga. Ba a keɓe wani lokaci na tarbiyya dabam ba, domin yaro yana koyon hali ne a sa'ad da ya ke koyon aiki.

Da aka zo Kaduna sai aka raba abin biyu. Aiki ya koma ofis, gida ya zama wurin cin abinci da kwana. Maigida ya kan fita da safe, ya komo a gajiye, ɗansa kuwa bai taɓa ganin abin da hannun ubansa ya ke yi ba, sai dai ya ji an ce ya tafi aiki. Ba laifin kowa ba ne, haka zaman birni ya ke. Amma ya bar wani giɓi a cikin gida, watau tsakanin magariba da lokacin barci, wanda a dā aikin hannu da hira da tatsuniya su ke cikewa. Giɓi kuwa ba ya zama wofi, dole wani abu ya shiga. An buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sannu a hankali akwatin ya shiga gidaje, ya karɓi daren. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ita kuwa ta fi talabijin raba kan jama'a, gama shi ko ba kome ana taruwa a gabansa, ita kuwa kowa da tasa. Sai a tarar da mutum biyar a ɗaki ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, har dare ya raba ba wanda ya san abin da ya wuni yana damun ɗan'uwansa.

Duk da haka, masu cewa aikin hannu ɓata lokaci ne suna da hujja, bai kuwa kamata a raina ta ba. Su kan ce zamani riga ne, dole a sa wadda a ke yayi. Yaro a yau karatu ya ke bukata, sa'ar da zai ɓata kan allura gara ya ba littafi. Su kan ce kuma, in aka lissafa kuɗin yadi da zare, aka haɗa da kwanakin da aka kwashe, hular gida ta fi ta kasuwa tsada nesa ba kusa ba. Sa'an nan mutumin da ya wuni yana fama da aiki yana da hakkin ya miƙe ƙafa ya huta. Duk wannan gaskiya ne. In ribar aikin hannu kuɗi ne kaɗai, lalle ma'aikaci mai albashi ya yi hasara da ya ɗauki allura.

Inda lissafin nan ya gaza shi ne, ya ƙidaya hular, ya manta da abin da ya faru a wurin ɗinka ta. A ɗauki misalin magidanta biyu a layi ɗaya. Na farko ya saya wa ɗansa hular salla a kasuwa, cinikin bai wuce minti goma ba, yaro ya yi godiya, magana ta ƙare. Na biyu ya sayo farin yadi da zare, ya zana zanen, su biyu suka riƙa zama bayan sallar lisha suna cike shi kaɗan kaɗan har wata guda. A cikin watan nan yaron ya soki yatsa, ya karkace layi, uban ya sa shi ya warware ya sāke. A cikin watan ne kuma, hannu na aiki, ido na kan zare, yaron ya buɗe baki ya ce, “Baba, akwai wani yaro a ajimmu da ya ke ƙwace mini kuɗin tara.” Da uban ya zaunar da shi ya tsare shi da ido ya ce ya faɗi damuwarsa, da wuya ya faɗa, domin kunya da kwarjini su kan ɗaure bakin yaro a gaban mahaifinsa. Aikin hannu ya kan sassauta wannan ɗaurin. Kowace uwa da ta taɓa yi wa 'yarta kitso, ko suka zauna tare suna saƙar faifai, ta san a nan ne maganar da ke cikin ciki ta kan fito.

Riba ta biyu ita ce haƙuri. Ana iya yi wa yaro wa'azin haƙuri shekara guda bai kama ba, amma hula ta kan koya masa a mako uku, domin ba ta karɓar gaggawa. In ya yi sauri, ɗinkin ya ɓaci a gaban idonsa, ba wanda zai ɗora wa laifi. In ya bi a hankali, ya ga zane yana fitowa daga inda dā ba kome sai farin ƙyalle. Abin da Hausawa su ke nufi ke nan da su ke cewa yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Yaron da ya gane haka da hannunsa zai kai shi cikin aji, gama karatu ma baƙi baƙi a ke ɗinka shi, kamar yadda duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya sani. Sa'an nan wanda ya taɓa yin abu da kansa ya kan san darajar kaya. Ba ya yar da riga don maɓalli ya faɗi, ba ya kuma yi wa masaƙi ko baduku tayin wulaƙanci, tun da ya san gumin da ke ciki.

Riba ta uku, mutanen Kaduna sun gan ta da idonsu. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, kudu da kogi, a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, har garin ya yi suna da yadi a ƙasar nan duka. Dubban magidanta suka dogara da albashin masaƙun, suna ganin ba ranar da zai yanke. A 2002 masaƙar farkon nan ta tsaya, gidaje da yawa suka shiga wani hali. A irin wannan rana gidan da uwargida ta iya ɗinki, ko saƙar kwarashi, ko maigida ya iya sassaƙa ko gyaran takalmi, yana da abin da zai dafa ya miƙe. Abin da dā a ke yi don nishaɗi ya koma abin sayen hatsi. Ba don haka kaɗai a ke koyon aikin hannu ba, amma wanda ya iya bai taɓa yin da-na-sani ba.

Akwai kuma masu ganin aikin hannu ƙasƙanci ne ga mai ilmi ko mai muƙami. Waɗannan sai su dubi babban masallacin Unguwar Sarki, wanda aka sa wa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da yawan almajiransa da littattafan da ya wallafa, labari ya zo cewa ya kan tufka igiya da hannunsa. Malamai kuma sun ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa, ya taimaki iyalinsa da aikin gida. In waɗannan ba su ga allura da igiya sun rage musu daraja ba, da wuya malamin ofis ya ce shi ya fi ƙarfinsu.

A cikin unguwar dai, a kan titin Ali Akilu, akwai gidan ajiye kayan tarihi wanda aka buɗe a 1975, a ginin da dā na jam'iyyar NPC ne. An ajiye a ciki kawunan yumɓu na Nok, waɗanda mutanen kudancin ƙasar Kaduna suka gina da hannu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, aka kuma keɓe wuri a harabar domin masu sana'ar hannu su yi aikinsu jama'a na kallo. Magidancin da ya kai 'ya'yansa can zai nuna musu cewa sunayen masu mulkin Nok sun ɓace, abin da maginansu suka yi ne ya rage. Zai iya kuma zaro takardar naira 20 ya nuna musu hoton Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, wajen wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, wadda yanzu a ke kira Suleja, daga nan tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984. Duk wannan ɗaukaka a tsakar gida ta faro, wurin wata dattijuwa da ta yarda yarinya ta zauna kusa da ita ta ɓata yumɓu.

Amma fa akwai iyaka, in aka ƙetare ta alherin ya juye. Aikin hannun da a ke magana a kai shi ne wanda a ke yi tare, cikin daɗin rai. In aka ɗora wa yarinya ɗinkin huluna don a tara kuɗi, har ya hana ta zuwa makaranta ko barci, ko aka aza mata tallan kayan tana yawo a titi, wannan bauta ce, ko da wane suna aka kira ta. Haka kuma in maigida ya shige ɗaki shi kaɗai da katakonsa, ya hana kowa kusantarsa don kada a ɓata masa aiki, bai bambanta da wanda ya shige cikin wayarsa ba. Kuma bai kamata a bar wa uwargida nauyin duka ba, ita da ta wuni tana girki da wanki, wataƙila ma ita ma ta je ofis ta komo. Ma'auni guda ne: in aikin yana tara mutanen gida, suna tashi daga gare shi da fara'a, to, yana kan hanya.

Wanda ya ke so ya fara ba sai ya jira ya yi arziki ba. Ya zaɓi dare biyu a mako, ya sanar wa iyalinsa, a kashe talabijin, a tara wayoyi a faifai ɗaya har sa'a guda. Kowa ya kama abin da ya ke so: wannan hula, wannan tabarmar kaba, wannan ɗinke littattafan makaranta da suka yage, ƙananan yara kuwa motar kara da 'yartsana. In akwai kaka a gidan, ita ce malama, a sa ta a tsakiya, domin kaɗi da saƙa da tatsuniyar da ke kanta ba a rubuce su ke ba, ran da ta tafi sun tafi. Kada a damu in na farkon ya fito a karkace. A ajiye shi, bayan shekara a fito da shi a gwada da sabo, yaro ya ga nisan da ya yi.

To, amsar tambayar ita ce, sa'o'in dare za su wuce ko an yi hula ko ba a yi ba, kuma 'ya'ya za su girma su bar gida ko an zauna da su ko ba a zauna ba. Abin da ke hannun magidanci shi ne ya zaɓi yadda za su wuce da niyya, maimakon ya bari akwati da waya su zaɓar masa. Hular kasuwa ta fi araha, ba mai musun haka, amma tun dā an ce araha ba ta ado. Allah ya ba magidanta da iyalansu ikon gane darajar lokacinsu, ya sa albarka a cikin aikin hannunsu, amin.