SHIN BAƘIN CIKIN DA YA ƘI WUCEWA RAUNIN IMANI NE?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci jiki Ya sanya masa cuta da magani, Ya halicci zuciya Ya sanya mata ƙunci da yalwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ake yawan kawo wa malamai a zaure, nan Dantchiao da garuruwan da ke kewaye da mu cikin ƙasar Magarya da Dungas. Galibi ba mai matsalar ne ke kawo ta ba, sai dai miji, ko uwa, ko ƙane. Akan ce: "Malam, wance tun da ɗanta ya rasu ba ta koma daidai ba. Wata biyar ke nan ba ci, ba barci, ba suna, ba biki. Mun yi nasiha har mun gaji. Anya kuwa imaninta bai taɓu ba?" Lalle wannan tambaya tana da nauyi, domin kuwa a cikinta akwai hukunci a kan imanin Musulmi, kuma sau da yawa ran mutum yana rataye da amsar da aka bayar.

ABIN DA AKE YI WA BAWA HISABI A KANSA

Malamai sun rarrabe tsakanin abin da yake sauka a zuciya ba da zaɓin mai ita ba, da abin da bawa yake aikatawa da ganin damarsa. Ibnul Ƙayyim, a cikin littafinsa Uddatus Sabirina, ya nuna cewa haƙuri shi ne mutum ya tsare ransa daga fushi da hukuncin Allah, ya tsare harshensa daga ƙorafi a kan Ubangijinsa, ya tsare gaɓɓansa daga marin fuska da yaga tufa. To, a cikin waɗannan ukun babu inda aka shardanta cewa kada zuciya ta ji zafi.

Mu duba Suratu Yusuf, daga aya ta 84 zuwa ta 86. Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Ƴaƴansa suka zarge shi, kamar dai yadda ake zargin masu irin wannan hali a yau, shi kuwa ya nuna musu cewa kukansa ga Allah yake kai shi. Allah bai tuhume shi da ƙarancin imani ba. Haka Nana Maryamu, lokacin da naƙuda ta kama ta ita kaɗai a gindin dabino, nauyin abin ya sa har ta yi burin da ma ta rigaya ta mutu. Aka kwantar mata da hankali, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, aka umurce ta da ta ci ta sha. Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekara ta 10 bayan aiko shi, wadda Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu a cikinta, malaman tarihi sun san ta da sunan shekarar baƙin ciki. Idan har baƙin ciki ya shiga zukatan waɗannan bayi zaɓaɓɓu, da wace hujja za mu mai da shi ma'aunin imanin talaka?

INDA BAƘIN CIKI YAKE ZAMA CIWO

Akwai baƙin cikin da yake zuwa da musiba, ya yi nauyi, sa'an nan ya riƙa sassautawa da kwanaki. Akwai kuma wanda yake kafa turke ya zauna. Larabawan yau suna kiransa ikti'abi, mu kuma mukan ce ciwon damuwa, ko mu ce tunani ya yi wa wane yawa. Likitoci suna gane shi idan mutum ya kai aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin rai, ko ya daina jin daɗin duk abin da a da yake so, tare da wasu alamu: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai, gajiya ba tare da aiki ba, hankali ya ƙi tsayuwa ko da a cikin salla, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya riƙa tunanin mutuwa.

Kada wani ya zaci wannan bayani baƙo ne da ya shigo mana daga Turai. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da kuma wanda yake faɗo wa mutum ba tare da dalili bayyananne ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, kuma yana bukatar magani irin na jiki. A Ƙairawan, garin mai Risalar da muke karantawa a zaurukanmu, likita Ishaƙ bin Imrana ya wallafa littafi sukutum a kan wannan ciwo tun kafin a haifi Ibnu Abi Zaidin.

A zamaninmu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin mutum miliyan 332 ne ke fama da shi. Ya fi kama mata da kusan ninki ɗaya da rabi a kan maza, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna gamuwa da shi. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba su samun kowane irin magani.

ABUBUWAN DA KE JAWO SHI A ƘASARMU

Wani yakan gaje shi a jini, wani doguwar jinya ce ke kawo masa shi, wata kuma sauyin da jiki ke yi bayan haihuwa. Amma mafi yawa yakan biyo bayan rashi, da talauci, da bashi, da kaɗaici, da wulaƙanci a cikin gida. Waɗannan kuwa ba sai mun tafi nesa neman su ba.

Manyanmu ba su manta da yunwar 2005 ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, ƙishirwa ta kashe su, da yawansu kuma daga kudancin jihar Damagaram suka tashi. A daminar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa tsawon wata guda ana rasa kimanin yara 10 kowace rana a sashen yara na Magarya, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 sanƙarau ya ɓulla a jiharmu, kuma ƙasar Dungas ce ya fi shafa. Bayan kowane yaro da aka rufe akwai uwar da ta koma gida da zanen goyo a hannu. An ƙidaya yaran, amma wa ya ƙidaya iyayen da suka kasa tashi daga baya?

Sa'an nan ga magidanta. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa Maris na 2024, alhali kuwa abincin gidaje da yawa yana rataye da kasuwanni irin su Maigatari. Mutum ya ci bashin hatsi da bazara, kaka ta zo ba ta biya ba, ya tafi cin rani ya dawo hannu biyu, sai kunya ta hana shi fita dandali. Saurayi kuma sai ya nemi mafaka wurin tramol, wanda yake rufe ciwon na ƴan sa'o'i ya ƙara masa zurfi.

Al'adarmu ta kawaici kyakkyawa ce, amma a nan takan ɓoye cuta. An hore mu kada uwa ta nuna zafin ɗan fari, kada namiji ya yi kuka. Saboda haka ciwon yakan fita ta wata ƙofa: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, zafin ƙirji, mutuwar jiki. Ɓarnarsa ga lafiya kuwa tabbatacciya ce. Yana tafiya tare da ciwon zuciya da ciwon suga, kowanne yana ƙara wa ɗaya nauyi. Yana sa majinyaci ya bar shan maganinsa. Bincike a ƙasashe matalauta ya nuna cewa ƴaƴan matan da ke fama da shi sun fi shiga haɗarin rama da tsumburewa, domin uwar da ta kasa ci ba ta da ƙarfin lallashin yaro ya ci.

WATA HUJJA DA AMSARTA

Wani zai ce: ashe ba Suratur Ra'adi ta sanar da mu cewa natsuwar zukata tana cikin ambaton Allah ba? Kuma ashe yanke ƙauna daga rahamar Allah ba babban zunubi ba ne? Mun ce haka ne, babu ja. Zikiri da karatun Alƙur'ani da tsayuwar dare ginshiƙai ne, kuma Annabi (S.A.W.) ya kasance yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da nauyin bashi. Sai dai yanke ƙaunar da aka haramta aƙida ce, wato mutum ya ƙudurta cewa rahamar Allah ba za ta iske shi ba. Mai ciwon damuwa kuwa yana iya yin imani da rahamar Allah ɗari bisa ɗari, amma ya kasa jin ɗanɗanonta, kamar yadda mai zazzaɓi ya san zuma zaƙi gare ta, amma a bakinsa ɗaci yake ji. Wa zai ce mai zazzaɓi ya ƙaryata zuma?

Buhari ya ruwaito cewa idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha (R.A.), bayan mata sun watse takan sa a dafa talbina, wani irin kunu ne na garin sha'ir, ta ce a sha, domin ta ji Annabi yana bayyana cewa tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. Ga shi nan ƙarara, an yi wa zuciya magani ta hanyar ciki. Saboda haka neman magani wurin likita bai saɓa wa tawakkali ba, kamar yadda Sayyidina Umar (R.A.) bai saɓa masa ba da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba. A yi ruƙiyya ta shari'a, a yi addu'a, a kuma je likita. Abin da ba ya halatta shi ne dukan majinyaci da sunan korar iska, ko ɗaure shi da mari, ko jingina ciwonsa ga wata tsohuwa a ce ta kama masa kurwa. Wannan zalunci ne a kan zalunci.

WANDA YA FARA AMBATON MUTUWA

Kashe kai haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai, a kan wannan babu saɓani. Fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a duniya, kuma ciwon damuwa yana cikin manyan dalilai. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya Musulmin da ya aikata haka ana yi masa wanka, a yi masa salla, a bar al'amarinsa ga Allah. Muslim ya ruwaito labarin abokin hijirar Ɗufailu bin Amru, wanda jinya ta tsananta masa a Madina har ya yanke gaɓɓan yatsunsa ya mutu, kuma Annabi (S.A.W.) ya roƙa masa gafara. To, idan matacce bai fita daga da'irar addu'a ba, ina ga mai rai da yake neman wanda zai saurare shi?

Idan ɗan'uwanka ya ce ya gaji da duniya, ko ya ce gara ba ya nan, kada ka ɗauka wasa ne, kada kuma ka fara da tsawa. Zauna ka tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta jefa masa tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga inda yake, a kai shi likita a ranar.

ABIN DA YA HAU KANMU

Na farko, mu tsare harsunanmu. Kalmar "ba ka da tawakkali" tana sauka ne a kan mutumin da ciwonsa ya riga ya gaya masa cewa shi ba kome ba ne.

Na biyu, mu tsawaita zumunci. Bayan yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya umurci a dafa wa iyalin Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Zaman makoki kwana uku ne, amma sau da yawa nauyin yakan sauko ne bayan an naɗe tabarmi. A riƙa leƙa mai takaba da mai jego da wanda ya yi asara, a ci abinci tare da su, a ja su zuwa jam'i da gona a hankali.

Na uku, mu saurara. A birnin Harare na Zimbabuwe, tun 2006, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa hanyar tana rage ciwon ƙwarai. Mu ma muna da iyaye mata da malaman Islamiyya da ungozomomi waɗanda ake sakin jiki da su.

Na huɗu, mu raka su wurin magani. A fara da likitar gari, a gaya wa majo gaskiyar abin da ake ji, in ya cancanta a wuce Magarya ko babban asibitin Damagaram. Maganin wannan ciwo ba abin maye ba ne, yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an samu sauƙi. Kada a saye shi hannun masu talla a kasuwa.

Na biyar, masu hali su tuna cewa yafe bashi ko jinkirta shi, da mudun hatsi a lokacin bazara, suna cikin yaye wa mumini baƙin ciki, kuma an yi wa mai yin haka alkawarin za a yaye masa nasa ranar Alƙiyama.

Ku kuma da kuke cikin wannan hali, ku sani sallar da kuke yi da nauyin jiki da busasshiyar zuciya ba ta faɗi ƙasa ba. Jarrabawa ce irin ta mai jinya, tana kankare zunubi, kuma ana warkewa daga gare ta da izinin Allah. Ku faɗa wa wanda kuka amince da shi.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da ƴaƴanmu da suka riga mu, Ya sanya tausayin juna a zukatanmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.