Haƙuri ko Gudu?

Duk wanda ya san Fagge ya san ba ta da nisa da Sabon Gari. Sau da yawa saurayin da ya tsallaka can da dare wani abu ne ya koro shi: ko an hana shi yarinyar da yake so, ko kuwa jarinsa ya karye a Kantin Kwari. Sai ya sha giya ko maganin tari mai kodin, ya sami barci. Gari na wayewa ya tarar da damuwarsa tana jiransa, ga kuma bashi ya ƙaru.

A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin irin wannan maganin tari da shigo da shi. Ta yi daidai, amma fa doka kwalba take iya kamawa, baƙin ciki kuwa yana nan cikin ƙirji.

A ganina mu ma da namu laifin. In an yi rasuwa mukan yi zaman makoki, mu bar mutum ya zubar da hawaye cikin jama'a. Amma wanda ya faɗi jarrabawa sai mu ce masa, "Yi haƙuri, kai namiji ne," alhali nufinmu ya yi shiru. To, ina zai kai abin da ya haɗiye?

Haƙuri na gaskiya shi ne mutum ya ɗauki ɓacin ransa yana cikin hayyacinsa, ya faɗa wa wanda ya amince da shi. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu zagi mashayi, mu tambayi kanmu ko mun taɓa zama mun saurare shi.