Girman Kaya da Girman Kuɗinsa: Ina Adalci Yake?

Tun muna yara aka koya mana cewa babban abu ya fi ƙarami kuɗi, har muka ɗauki wannan magana tamkar doka wadda ba ta da togaciya. Amma duk wanda ya zaga kasuwar Kontagora da idon basira zai tarar cewa dokar nan ba ta hawa kan kowane kaya. A layin 'yan hatsi, mudu biyu na masara kuɗin mudu biyu ne. A layin 'yan takalma kuwa, mai lamba 40 da mai lamba 45 kuɗi ɗaya suke biya, alhali robar da ta shiga na biyun ta fi yawa. Tambayar da muke son tattaunawa ita ce: a cikin waɗannan hanyoyi biyu wacce ce adalci, kuma wa ake cuta idan akwai cuta?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da mai saye yake biya. Kuɗin kowane kaya ya ƙunshi abubuwa uku: abin da aka yi shi da shi, aikin da aka yi a kansa, da kuma buƙatar da mutane suke da ita gare shi. Girma yana taɓa na farko sosai, amma sau da yawa ba ya taɓa na biyu. Tela ya fi kowa bayyana mana wannan. Yadi biyar kan ishi matsakaicin mutum kaftani da wando, ƙaƙƙarfan mutum kuwa sai ya ƙara, kuma shi zai biya kuɗin ƙarin a wurin mai yadi. Amma idan aka zo kuɗin ɗinki, da wuya tela ya bambanta su, domin awo ɗaya ne, yanka ɗaya ne, aikin wuya da aljihu ma ɗaya ne. Haka abin yake ga takalmi. Kuɗin inji da na ma'aikata da na motar da ta ɗauko shi da hayar rumfa duk ba su san lambar ƙafa ba, ƙarin robar kuma bai taka kara ya karya ba.

To amma ko yaya ƙarin yake, wani ne ya biya shi. Idan aka daidaita kuɗin, mai ƙaramar ƙafa ya ɗauke wa mai babba wani ɗan nauyi ke nan ba tare da an yi shawara da shi ba. Shin an zalunce shi? A ganinmu ba a zalunce shi ba, saboda dalili ɗaya mai ƙarfi: babu wanda ya zaɓar wa kansa ƙafa. Tsawo da kauri halitta ce, kuma al'ummar da take sa mutum biyan tara a kan halittarsa ta kauce wa hanya. Shi ya sa wanzami ba ya auna kai kafin ya faɗi kuɗin aski, kuma a tasha kujerar mota daga Kontagora zuwa Minna kuɗinta ɗaya ga siriri da mai jiki, sai fa wanda ya nemi kujera biyu don jin daɗinsa. Wanda ya sayi mudu goma na dawa kuwa shi ya zaɓi goman, don haka babu tausayin da zai sa a ba shi a kuɗin biyar.

Akwai kuma kayan da kuɗinsa ke tsere wa girmansa. A kasuwar dabbobi ta Mariga, musamman gab da Babbar Salla, ragon da ya ninka wani a jiki yakan wuce ninkinsa a kuɗi. A nan mai saye yana biyan nama, yana kuma biyan ƙarancin irin wannan rago da kwarjinin ɗaure shi a ƙofar gida. Ba mu ga laifin mai kiwo ba, domin ya yi watanni yana zuba dusa da harawa, kuma wanda ya sayi ragon ba yunwa ce ta kora shi ba.

Inda lamarin yake da ciwo shi ne inda ƙaramin kaya ya fi babba tsada idan aka bi lissafi. Mai hali yakan sayi buhun masara da kaka, lokacin da manyan motoci ke lodi a Kontagora zuwa sassan ƙasar nan, ya ajiye. Talaka kuwa mudu-mudu yake awo har damina ta yi nisa, lokacin da hatsi ya fi tsada. Wanda ma bai kai mudu ba sai gwangwani, sai ƙullin sukari, sai ƙullin omo, sai mai a cokali. Idan aka tara abin da ya biya a shekara, za a ga ya sayi kowane mudu da tsada fiye da attajirin unguwarsu. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma ga shi nan a fili: sai mai kuɗi ke iya sayen araha.

Shin mai tebur ne azzalumi a nan? Mu yi masa adalci shi ma. Ya sayi leda, ya ɓata lokaci wajen ƙullawa, ya zauna tun safe har dare, wani ya karɓa bashi bai biya ba. Ba don shi ba, da gidaje da yawa sun kwana ba a ɗora tukunya ba. Ribar ƙulli ladan aikinsa ce matuƙar bai wuce gona da iri ba. Nauyin gyara yana wuyan jama'a, kuma muna da maganinsa a al'adarmu. Adashi da haɗa kuɗi a sayi buhu a raba, kamar yadda ake watandar sa, hanya ce da ƙananan ma'aikata da ɗalibai za su ci arahar da mai kuɗi yake ci shi kaɗai.

Zalunci tsantsa yana wani wuri dabam, wato inda aka rage girma a ɓoye aka bar kuɗi yadda yake. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da kuma bayan janye tallafin man fetur a 2023, mun ga burodi yana ramewa a cikin ledarsa, ƙosai yana komawa kamar ƙwallon goriba, sannan ya ci gaba da ƙanƙancewa. Mun san kuma mudun da aka bubbuge gindinsa, da mai awon da ke da mudu biyu, na saye da na sayarwa. Wanda ya ƙara kuɗi a fili ya bar wa mai saye zaɓi, ya saya ko ya wuce. Wanda ya rage awo a ɓoye kuwa ya ƙwace wannan zaɓi. Ba banza ba Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye mudu.

A taƙaice, ba dole ne kuɗi ya bi girma a kowane kaya ba, kuma rashin binsa ba shi ne cuta ba. Abin da za mu tambaya a kowane ciniki shi ne ko mai saye ya san abin da aka ba shi, da kuma ko girman da ake caje shi a kai zaɓinsa ne. Mu da muke karatu a yau, gobe wasunmu ne za su riƙe mudu, wasu su sa farashi a kanti, wasu su zauna a ofishin duba awo da ma'auni. Ya kamata mu amsa waɗannan tambayoyi tun kafin mudun ya shigo hannunmu.